Ranar Da Ban Zaga Iyaka Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, ranar Talata, muka tsaya a bakin gonar. Mu tara ne 'yan ƙwadago, har da ni da nake shugabansu. Na goma shi ne Alhajin da ya ɗauke mu aikin, yana zaune a kan babur ɗinsa, ko kashe shi bai yi ba. Na san lokacin daidai domin na duba agogona. Ban taɓa fara aiki ban duba shi ba.

Kafin in faɗi abin da ya faru a gonar, sai na faɗi yadda muka kai ga wannan safiyar. Magana in ba a ɗauko ta daga tushe ba, ba ta zama.

A lokacin na yi shekara goma sha huɗu ina jan 'yan ƙwadago a ƙauyukan da ke tsakanin Tsanyawa da Bici. Noma, huɗa, girbi, duk abin da mai gona ya kira mu mu yi. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma ina da tsari, kuma da tsarin na riƙe mutane. Dokokina uku ne, kowa ya haddace su. Ta farko, ba a makara. Ta biyu, garma ba ta taɓa ƙasa sai ni da mai gona mun zaga iyaka da ƙafafunmu, kusurwa huɗu, in maƙwabci na kusa a kira shi ya gani. Ta uku, in rigima ta tashi kowa ya ajiye garma ya zauna, ni kaɗai zan yi magana. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce na cika ƙa'ida. Gonakinmu a matse suke kamar sahun sallar Juma'a, kafaɗa da kafaɗa. Tsakanin gonar wani da ta wani babu komai sai layin gamba ko tsohuwar kunya, kuma na ga an zubar da jini a kan abin da bai kai taku ɗaya ba.

A waccan shekarar damina ta yi mana wasa. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Daga nan muka yi kwana goma sha tara ba ko yayyafi. Ba mai kiran ɗan ƙwadago a busasshiyar ƙasa. Mu goma sha ɗaya ne a farkon damina, biyu suka ɗaure kaya suka tafi birni. Sauran na riƙe su da abin da na iya. Kullum ƙarfe bakwai sai sun hallara a gindin tsamiyar ƙofar gidana, da aiki ko babu. Mu wasa garma, mu ɗaure ƙotar da ta yi sako-sako, sannan mu tafi gidan ɗaya daga cikinmu mu gyara masa danga ko mu kwashe masa taki zuwa gona. Suna tambayata yaushe ruwa zai dawo, ina ce musu wannan na Allah ne, abin da na sani shi ne gobe ƙarfe bakwai. Ban taɓa yi musu alkawarin abin da ba ya hannuna ba.

Mataimakina wani bahago ne, tsohon ɗan dambe, dogo mai faɗin ƙirji. Shekararsa goma sha ɗaya tare da ni. Shi ke jan layi a gaba in ana huɗa, kuma in na yi magana sau ɗaya shi ke tabbatar da ba sai na maimaita ba. A kwana na goma sha biyar na farin nan ya same ni bayan kowa ya watse. Ya ce wani abokinsa ya samo masa dako a kasuwar hatsi ta birni, kuma gidansa an fara tsallake abincin rana. Na ce masa in ya tafi, kafin sati ba zan sami wanda zan duba wa agogo ba. Sai ya ce, "In ka ce in tsaya, Maigida, na tsaya." Na ce ya tsaya.

Ruwa ya sauka gab da asubahin Talata, mai ƙarfi, har ya kwanta a hanya. Muna fitowa daga masallaci na tarar da Alhajin nan a ƙofar gidana. Mazaunin birni ne, a ranin da ya wuce ya sayi gona a ƙauyen da ke gabas da mu, yana so a yi masa huɗar gyaɗa a ranar, kafin ƙasa ta sha iska. Kafin in gama amsa masa wasu mutum uku sun aiko da irin wannan buƙata. Kwana goma sha tara ba aiki, yau ga huɗu a jere. Na tsara su a kaina: na Alhaji zuwa hantsi, na biyu zuwa azahar, sauran gobe.

To, mun dawo ƙarfe bakwai saura kwata. Alhaji ya miƙa hannu daga kan babur ya ce gonarsa daga ɗorawar nan ce har zuwa gambar can. Na duba, na ga fili shimfiɗe, ruwa ya wanke shi sumul, ba tsiro ba alamar shuka. Mataimakina ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada sauran su ji.

"Maigida, ba za mu zaga ba?"

Na dubi rana, na dubi agogo. Na ce, "Ƙasa ba ta jiran zagaye. Ja layi."

Ya ɗauki garmarsa. Ya tofa yawu a tafinsa ya ja layi daga wajen gambar, sauran suka bi. Alhaji ya ce yana da uzuri a Bici, ya tafi.

Aiki ya yi daɗi a wannan safiyar, ba zan ɓoye ba. Ƙasa tana yankuwa kamar tuwo. Dattijon cikinmu, wanda ya girme ni da shekara goma, yana ta tsokanar mataimakina wai ɗan dambe ƙarfinsa a baki yake, shi kuwa yana ce masa, Baba, ka bi a hankali kada a kai ka gida a amalanke kamar taki. Ana dariya, kunyoyi suna miƙewa. Na daɗe ban ji dariyarsu ba.

Ƙarfe takwas da minti ashirin wani tsoho ya ɓullo ta hanyar ƙauye, da sanda a hannu. Da ya hango mu sai ya tsaya cik, sannan ya taho da sauri irin na wanda ƙafa ba ta ba shi haɗin kai. Bai yi sallama ba. Ya durƙusa a kan kunya ɗaya ya shiga tono da yatsunsa. Ya tono, ya matsa gaba, ya sake tono. Da ya buɗe tafinsa na ga ƙwayoyin gero sun jiƙa, har sun fara kumbura.

Binne ya yi. Wato ya shuka iri a busasshiyar ƙasa kwana huɗu da suka wuce, yana jiran ruwa ya same shi a ciki. Ruwan asuba ya shafe duk sawun sungumi, shi ya sa muka ga fili kamar ba a taɓa shi ba. Ya tashi ya soka sandarsa a tsakiyar filin, ya nuna mini kututturan gamba da aka yanke don saƙar zana, awaki suka cinye tohon. Nan ne iyakar gaskiya. Gambar da Alhaji ya nuna iyakar gonar tsohon ce ta can baya. Da na zaga da ƙafa, da na yi tuntuɓe da kututturan nan. Mun juye masa fiye da rabin gona, irin ya nutse ƙarƙashin kunya inda ba zai fito ba. Daga baya na ji cewa shi ne irinsa na ƙarshe, tiya biyu da ya hana iyalinsa dakawa bayan shukarsa ta ƙone sau biyu.

Na fara cewa, Malam, ka yi haƙuri. Ya juya ya tafi, gero na zuba daga hannunsa. Kamata ya yi in bi shi har gida. Ban bi ba. Na tsai da aiki, na aiki mutum ɗaya ya kira mai unguwa, muka rage mu takwas.

Ƙarfe tara saura minti goma muka ji hayaniya. 'Ya'yansa uku ne a gaba, bayansu 'yan uwa, na ƙirga goma sha ɗaya. Yawancinsu da gora, biyu da adda. Tsohon yana can baya yana ɗaga hannu, ba mai jin sa. Na juya ga mutanena na ce garma ƙasa, kowa ya zauna. Suka ajiye suka zauna, har mataimakina, ko da yake na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na cire hulata na taka gaba, hannuwana a buɗe.

Babban ɗan tsohon ne ya fara isowa, magidanci mai kimanin shekara talatin da biyar. Na yi masa sallama. Amsar da na samu gora ce a baki. Na ji haƙorana biyu sun koma ciki, bakina ya cika da jini da ƙasa-ƙasa kamar na tauna tsakuwa. Ban faɗi ba. Na tofar, na ce mun yi kuskure kuma za mu gyara. Ya ce, "Da me za ka gyara? Da uwarka?" Gora ta biyu ta sauka a goshina, fata ta dare, jini ya rufe mini idon dama. Ta uku a haƙarƙari. A nan na durƙusa.

Ina durƙushe ina cewa ku zauna, ku zauna. Kuma sun zauna, wannan zan shaide su da shi har gaban Allah. Gora uku suka kalla ana sauke mini ba wanda ya motsa. Abin da ya ɓata komai shi ne dattijonmu ya taso don ya ɗaga ni, ba komai a hannunsa, sai wani daga cikin masu adda ya sare shi a kafaɗa. Na ji ƙarar, irin ta sarar ɗanyen icce. Rigarsa ta rine nan take har ƙugu, ya zauna daɓas yana kallon hannunsa da ya ƙi ɗaguwa.

Daga nan ba wanda ya ƙara jin muryata. Mutanena suka tashi gaba ɗaya. An yi da gora, an yi da hannu, an yi da hoge da duwatsu. Na ga ɗaya daga cikin nawa ya danne wani a kwarin kunya yana cusa masa fuska a laka. Na ga an karya wa wani nawa yatsu da gora yana kare kansa. Wani daga cikinsu ya ciji kunnen wani har ya ɓalle gefe. Kunyoyin da muka jera da kyau duk aka tattake su.

Mataimakina ya ratsa tsakiya kai tsaye zuwa ga babban ɗan. Gora ta same shi a kafaɗa, bai ko waiwaya ba. Naushi ɗaya ya yi masa da hagu a muƙamuƙi, mutumin ya faɗi rigingine kamar buhu, idanunsa suka juye. Da a nan ya tsaya, da yau ba na wannan rubutu. Sai ya taka masa ƙirji da ƙafa, ya sunkuya ya ɗauki garmar da ke kusa, ya ɗaga ta sama da hannu biyu. Garmar nan ni na sa aka wasa ta kwana goma sha tara a jere. Na san abin da za ta yi wa kan mutum.

Na kira shi sau biyu, bai ji ba. Tsakanina da shi taku huɗu ne. Akwai sabuwar ƙota da muke tafiya da ita saboda ko wata ta karye, tana yashe kusa da gwiwata. Na ɗauka, na tashi, na sauke ta da duk ƙarfina a kan hannunsa na hagu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ƙashin ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Garmar ta kuɓuce ta kafe a ƙasa, tsakaninta da kunnen mutumin bai kai tafin hannu ba.

Faɗan ya mutu a nan. Kowa ya ga abin da ya kusa faruwa, kowa ya ja baya yana haki. Tsohon ya iso ya faɗa kan ɗansa yana girgiza shi har ya buɗe ido. Mataimakina ya riƙe hannunsa da ya lanƙwashe inda ba gaɓa, ya dube ni. Bai yi ihu ba.

"Ni ka doka, Maigida? Don kai na tashi."

Na juya ga sauran. Na ce a yage rawani a ɗaure kafaɗar dattijo, a nemo babur. Mai unguwa ya iso ƙarfe tara da kwata, ya tarar da mutum goma sha tara a gona ban da tsohon, ba wanda ba jini a jikinsa. Aka kai dattijo asibiti aka ɗinke shi, ni ma aka ɗinke mini goshi. Mataimakina aka kai shi wajen maɗori.

Ranar Alhamis da hantsi aka zauna a zauren dagaci. Iyayen ƙasa suka ce ba a kai magana gaba tunda ba a rasa rai ba. Aka yanke cewa Alhaji zai kawo iri, mu za mu baje kunyoyin mu sake shuka wa tsohon gonarsa, kuma mu yi masa noman fari, kowane ɓangare ya yi jinyar nasa. Sai dagaci ya tambaye ni wa ya nuna iyaka. Na ce Alhaji ne ya nuna da hannunsa. Wannan gaskiya ce, amma rabinta ce. Ban ce ina da dokar zagaye na karya ta ba. Ban ce an tuna mini na ƙi ba. Aka yi wa Alhaji faɗa. Sannan dagaci ya juya kan mataimakina ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya ce mai zafin kai ne, ya kusa jawo wa gari biyu gaba ta har abada, kada a ƙara ganin sa da garma a ƙasarsa. Ni kuwa ya yaba mini, ya ce ga shugaba, wanda ya karya hannun mutuminsa don ya ceci mutumin wani. Mataimakina yana jingine da bango, hannunsa a ɗaure cikin karare. Shi kaɗai ya san abin da ya faɗa mini ƙarfe bakwai saura kwata. Ya dube ni sau ɗaya, ya mai da kansa ƙasa. Na karɓi yabon.

Bayan kwana uku na je duba shi. Na same shi a zaure, hannun ya kumbura har yatsu. Na tafi da niyyar magana mai laushi, amma da na zauna sai halina ya riga ni. Na ce masa da ya bi doka da ba a kai nan ba.

Ya ce, "Wace dokar, Maigida? Ta uku ko ta biyu?"

Na tashi na fita. Ban koma ba.

Ɗorin bai kamu daidai ba. Hannun ya warke a karkace, ba ya iya damƙe ƙota, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Kafin a fara yankan gero ya bar gari, bayan wata biyu ya aiko aka kai masa matarsa da 'ya'yansa. Bai yi sallama da ni ba. Geron tsohon kuwa ya yi kyau a shekarar, har ya aiko mini da dami ɗaya. Babban ɗan nasa yana nan da ransa, ya ƙara 'ya'ya biyu, in mun haɗu a kasuwar Tsanyawa shi ke fara gaishe ni.

Dukan da na yi ban yi nadamarsa ba. Da za a mai da ni wannan gonar a wannan minti, zan sake ɗaukar ƙotar. Abin da ke cina shi ne na tsai da mutum daga tafiya neman abincinsa, na karya dokar da na kafa da bakina, ya tuna mini na ƙi, sannan na bar shi ya ɗauki laifin shi kaɗai a zauren dagaci. Damina biyu bayan haka na tara mutanena a gindin tsamiya ƙarfe bakwai na faɗa musu komai, daga farko har ƙarshe, na je na faɗa wa dagaci, ya janye maganar da ya yi a kan mataimakina. Duk sun ji. Wanda ya kamata ya ji ne ba ya nan.

Yau damina shida ke nan. Na je kasuwar hatsi ta birni sau uku ban same shi ba. Wani ya ce ya gan shi yana gadi a wata unguwa, wani ya ce ya yi kudu. 'Yan uwansa sun ce in bar shi. Ni kuwa gwiwoyina sun fara ƙi, na miƙa jan ma'aikata ga wani, kuma ba na son in haɗu da wannan magana a inda ba a gyara.

Don haka, kai mai karatu, ga roƙona. In Allah ya haɗa ka da wani dogon mutum mai faɗin ƙirji, ɗan wajen Tsanyawa, wanda hannunsa na hagu ya karkace a ƙasan gwiwar hannu, ka tambaye shi ko ya taɓa jan layin huɗa. In ya ce e, ka faɗa masa abu uku a jere, kada ka sauya tsarinsu. Na farko, maigidansa ya faɗa a gaban dagaci cewa shi ne bai zaga iyaka ba. Na biyu, dagaci ya janye maganarsa. Na uku, ina neman gafararsa, kuma ba sai ya zo ba. Ya aiko da sunan garin da yake kawai, ni zan je.